Riƙon Maraya Ba Ya Ƙarewa Ranar Da Ya Balaga

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Kunci da Bichi, za ka ji dattijo mai mutunci yana cewa: "Mun riƙe shi har ya kawo ƙarfi, sauran kuma nasa ne." Ba mugunta ke sa shi faɗin haka ba. Baffan da ya ɗauki ɗan ƙaninsa ya haɗa da nasa 'ya'yan, a ƙasar da gona ta yi ƙaranci, hatsi ba ya kai gida wata damina, ya cancanci godiya. Duk da haka, Baba, maganar tana da gyara.

Mu duba yadda ɗan cikinka yake fita gandu. Da safe yana gonar gida, da yamma yana gayaunar da ka yanka masa, abin da ya girbe a ciki nasa ne. Kai za ka yi masa auren fari, ka nuna masa inda zai gina ɗaki, in damina ta ƙi ka buɗe masa rumbu. Wani har ya haifi 'ya'ya bai raba tukunya ba, kuma ba wanda ya kira shi rago. To don me maraya kaɗai za a sallama rana ɗaya? Gonar ubansa, in akwai, ko an cakuɗa ta da ta baffa ko an jinginar. Sai ya tafi ci-rani, yana dako a kasuwar Dawanau ko tura kurar ruwa a Kano, babu mai tambayar inda yake kwana. Yarinya kuwa, da an kai ta ɗaki ana ganin an sauke nauyi. Ranar da auren ya mutu ake gane ba ta da gidan komawa.

Addini bai tsaya a balaga ba. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a riƙa jarraba marayu, a miƙa musu dukiyarsu in an ga hankalin riƙe ta, a gaban shaidu. Jarrabawar nan koyarwa ce: ka ba shi kaɗan ya juya, ka ga inda ya kasa, ka gyara masa. Ingila ma ta gano haka, domin tun 2014 doka ta ba yaran riƙo damar zama a gidan da ya rene su har shekara 21.

Roƙona ga dagatai, masu unguwanni da limamai shi ne su sa a rubuta gadon maraya tun ranar rabo, da iyakar gonarsa. Baffa kuma ya yanka masa gayauna kamar ɗansa, ya tsaya masa wajen sana'a da aure, ya bar masa ƙofar gida a buɗe.