Tabki Ba Ya Mutuwa Rana Ɗaya



Ƴan'uwa da muke sahu ɗaya da su, da ɗalibanmu na makaranta, karatun wannan fitowa a bakin ruwa za mu yi shi. Kusan kowannenmu yana da tabki ko fadamar da ya taso kusa da ita. Can aka koyi iyo, can ake kai dabbobi shan ruwa, daga can kifi da albasa da zogale ke shigowa kasuwa. In ka tambayi dattijo yadda tabkin garinsu yake a da, zai ce maka ruwa ya fi haka, kifi ma ya fi haka. Gaskiya ya faɗa. Amma in ka ce, "Baba, da nawa ya ragu?", sai ya yi shiru, don ba a auna ba. To, wannan awon shi ne maganarmu ta yau, don sai an san ciwo ake neman magani.

Wuraren da ake nufi

Masana suna haɗa tabki da fadama da gulbi da kududdufin da ke riƙe ruwa wata da watanni a ƙarƙashin suna ɗaya: wurare masu dausayi. Ranar 2 ga Fabrairu 1971 ƙasashe suka sa hannu a kan yarjejeniyar kare irin waɗannan wurare a garin Ramsar na ƙasar Iran, shi ya sa ake kiranta da sunan garin. Nijar ta shiga a 1987, kuma wuri na farko da ta sa cikin jerin shi ne gandun dajin W. Daga baya aka ƙara ɓangaren Nijar na tabkin Chadi a 2001, da Dallol Bosso da Dallol Mawri a 2004, da tabkunan Tabalak da Ɗan Dutsi a jihar Tawa da na Lasuri a Damagaram a 2005, sannan Madarunfa da Gidimuni a 2019.

Shiga jerin ba ya nufin an kori mutane daga bakin ruwa. Abin da yarjejeniyar ke nema shi ne a ci amfanin wuri ta hanyar da zai ɗore, na bayanmu ma su samu. Wani rahoto da ofishin yarjejeniyar ya fitar a 2018 ya ce tsakanin 1970 da 2015 duniya ta yi asarar kusan kashi 35 cikin 100 na irin waɗannan wurare.

Yadda tabki ke cikewa

Mu ɗauki tabkin Madarunfa da ke kudu da Maraɗi. Ba ruwan saman da ya faɗa cikinsa kaɗai ke cika shi ba. Ruwan gulbi ne da na koramu, wanda ya ratso gonaki da ƙauyuka kafin ya iso. Kuma ruwa ba ya zuwa hannu rabbana. In gonakin tudu suna da itatuwa da ciyawa da karan da aka bari, ruwa kan tsaya ya nutse, abin da ya gangaro ya zo a hankali. In an share ƙasa fes, ruwa sai ya zo da gudu, ya kwaso yashi da laka ya zube su a gindin tabki.

Ga wani lissafi da ɗalibi zai iya yi a allo. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. In yashi mai kaurin santimita 10 ya kwanta a kanta, ya cinye wurin ruwa lita miliyan ɗaya, wato ganga 5,000 ta lita 200. Hekta ɗaya ke nan fa.

Abin da ke ruɗar ido shi ne, tabkin da ke cikewa da yashi kan fi faɗi da damina. Ruwan bai samu zurfin da zai zauna ba, sai ya bazu, har ya shiga gonaki da gidaje. Mutane su ce bana tabki ya cika maƙil. Alhali a ƙasarmu rana da iska kan ɗauke abin da ya haura mita 2 na ruwa a shekara daga buɗaɗɗen tabki. Ruwa mai zurfi zai kai wata damina. Wanda ya bazu ba zurfi, kafin bazara ya zama taɓo.

In ruwa ya yi ƙasa kuma ya daina tashi da sauka yadda ya saba, sai kacalla ta samu wurin zama. Wannan doguwar ciyawa tana toshe hanyar ruwa da ta kwalekwale, tana zama maɓoyar jan-baki mai cin hatsi, da sauro, da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Maƙwabtanmu na fadamun Haɗeja da Nguru a Najeriya sun ɗanɗana. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara ta sauya, kacalla ta mamaye magudanai da gonaki masu yawa. Ruwan nan kuwa shi ne ke gangarowa Komadugu Yobe, wanda manoman tattasai na Diffa suka dogara da shi.

Yadda ake awo

Awo na farko shi ne na tsawon ruwa. Ana kafa ƙarfe ko sanda mai lambobi a wuri guda cikin ruwa, a riƙa karantawa ana rubutawa da kwanan wata. Da wannan ake sanin ranar da ruwa ya kai ƙololuwa da yadda yake sauka kowane mako.

Na biyu shi ne zurfi. Ana shiga kwalekwale a bi layi, a riƙa tsoma gora mai alama ko igiya mai nauyi, a rubuta zurfin kowane wuri. In aka maimaita bayan ƴan shekaru a kan layin nan dai, bambancin shi ne yashin da ya shigo.

Na uku shi ne faɗi. Tun 1972 taurarin ɗan'adam na Landsat ke ɗaukar hoton ƙasa, kuma a Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974, mai bin al'amarin ruwan sama da na koguna a ƙasashen Sahel. Da hotunan sama aka ga yadda tabkin Chadi, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya koma wajen 2,000 bayan farin 1973 da na 1984. Da su kuma aka ga ruwa ya ɗan dawo a shekarun baya. Ka ga awo yana hana mu yin sakaci, yana kuma hana mu yanke ƙauna.

Na huɗu shi ne ƙidayar masu rai. Kowane watan Janairu akan ƙidaya tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama a lokaci guda, aikin da aka soma tun 1967. An zaɓi Janairu ne don lokacin baƙin tsuntsaye daga Turai sun riga sun ƙetaro hamada sun sauka tabkunanmu, sun haɗu da kirinjijiya da dinya da zalɓe da gauraka. Wani zai ce, mutane na fama da yunwa ana ƙirga tsuntsu? Ai tsuntsu ɗan rahoto ne. Inda ya taru akwai kifi da ciyawa da ruwa mai kyau. In ya ƙaurace wa wuri, to masunci ma ya shirya. Haka nan ana auna kifin da aka fitar: nawa ne nauyinsa, wane iri ne, tarwaɗa ce ko karfasa, manya ne ko ƴaƴa.

Bayan awo, sai tsari

Tabki ɗaya, masu haƙƙi da yawa: masunci, makiyayi, mai noman rani da injin ban ruwa, mai bugun tubali, matan da ke wanki. Kowa yana ganin ɗan abin da ya ɗiba bai kai ya kawo ba. Rigima kan tashi ne in ruwa ya ja baya kowa ya ce laifin wancan ne. In akwai rubutaccen awo, sai magana ta koma kan lamba, a daina nuna wa juna yatsa.

Gyaran farko a tudu yake, ba cikin ruwa ba. Barin tohon itatuwa a gona, wanda ya bazu daga jihar Maraɗi tun shekarun 1980, da haƙa ramukan rabin wata, da jera duwatsu a bakin korama, duk suna rage gudun ruwa su tare ƙasa. Gawon da ke gonar wani a nesa yana cikin masu gadin tabki.

Na biyu, a bar wa tabki gefensa. Noma har bakin ruwa yana zubar da gaɓa, yana tura taki da maganin ƙwari ciki. Ana barin wani zango a dasa itatuwa da jema, a kuma bar burtali a buɗe don dabbobi su samu mashaya ba tare da sun ratsa lambu ba. Ɗaliban da suka kai babin raya mataccen fili a littattafan fiƙihu sun san wannan: rijiya da kogi suna da harimi, wato kewayen da ba a yarda wani ya mallake shi ya cuci masu amfani da ruwan ba. Bahaushe ma yana da hurumi. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe kwarin Naƙi'u kusa da Madina don kiwon dawakin jama'a, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Kalmar naƙi'u kanta tana nufin wurin da ruwa ke kwanciya. A dokar ƙasa kuwa, tsarin ƙasar karkara na 1993 ya kafa kwamitocin filaye, waɗanda yanzu suka sauka har ƙauyuka, kuma aikinsu ne shata burtali da mashaya.

Na uku, ka'idar su. Tun da can sarkin ruwa ne ke faɗin ranar buɗe su da ranar rufewa. Hikimar ita ce a bar kifi ya hayayyafa. Mai jan gidan sauro cikin ruwa yana kwashe har ƴaƴan da ba su kai yatsa ba, ya ci na bana ya haɗa da na baɗi.

Na huɗu, ruwa bai san iyaka ba. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake fitowa, kuma akwai madatsa a kansa a Jibiya. Shi ya sa a 1990 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniya a Maiduguri kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kai, ciki har da wannan gulbi da Komadugu Yobe. Rabo kuwa ba ya yiwuwa da adalci sai kowane ɓangare ya san abin da ke shigowa da abin da ke fita.

Namu rabon aikin

Hoton sama na ƙwararru ne, amma sanda da littafi kowa na iya riƙewa. Makarantar da ke kusa da tabki ko fadama za ta iya neman izinin mai gari da ma'aikatan gandun daji, ta kafa sanda mai alamar santimita a wurin da babu haɗari, manyan ɗalibai su riƙa karantawa duk Alhamis tare da malami. A rubuta ranar da ruwa ya shigo, inda ya tsaya, ranar da ya ƙafe, da tsuntsayen da aka gani. A zauna da dattawa a tambaye su inda ruwa ke kaiwa suna yara, wace tsamiya, wane dutse, a rubuta tun suna raye. Bayan shekara biyar, garin yana da hujjar da zai ɗauka zuwa ofishin magajin gari ko wurin masu aikin gyara.

Kafin nan kuma, a daina zuba leda da shara a korama, don duk tabki za su. Mai gona a tudu ya bar tohon da ya fito bana.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.