Kiredit Biyar da Aikin Gayya: Abin da Takardar Sakandare Ba Ta Nunawa a Arewacin Zamfara

A watan Mayun 2022, ana dab da fara jarrabawar kammala sakandare, shugaban ofishin WAEC na Najeriya na wancan lokaci, Patrick Areghan, ya shaida wa manema labarai cewa jihohin Sakkwato da Zamfara ba su gabatar da ɗaliban makarantun gwamnati ba. Ga yaron da ya kai ajin ƙarshe a Ƙauran Namoda, ko yarinyar da ta shekara shida tana sammakon makaranta a Shinkafi, wannan sanarwa ba ƙaramin tashin hankali ba ce. A ƙasar nan, jarrabawar ita ce kammalawa. Wanda bai zauna mata ba, ko ya zauna aka riƙe sakamakonsa, a idon hukuma bai gama komai ba.

Sharaɗin sananne ne ga kowane uba. Ɗalibi zai rubuta darussa takwas ko tara a jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa tun 1952, ko ta NECO da ta zo a 1999. Abin da aka saba nema shi ne kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi. Da su ake tunkarar JAMB, da su ake shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983. A manhajar da ta fara aiki a 2011 an wajabta darasin sanin haƙƙi da nauyin ɗan ƙasa, inda ake koya wa yara muhimmancin yi wa al'umma hidima. Sai dai a kan takarda ake gwada su. Ɗalibi na iya cin maki mafi girma a tambayar da ta shafi taimakon jama'a alhali bai taɓa ɗaga tsintsiya a ƙofar asibitin garinsu ba.

Wasu ƙasashe sun ga wannan giɓi sun cike shi da doka. Jihar Maryland ta Amurka ta yanke a 1992 cewa babu mai karɓar takardar kammala sakandare sai ya yi awa 75 na hidimar al'umma, kuma 'yan ajin 1997 ne suka fara fita a ƙarƙashin sharaɗin. Lardin Ontario na Kanada ya sa awa 40 tun 1999. Abin bai tafi salin alin ba. A Bethlehem ta jihar Pennsylvania wasu iyaye sun kai hukumar makarantu kotu kan awa 60 da aka ɗora wa 'ya'yansu, suna cewa aikin tilas ne, kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da hujjarsu a 1993. Daga baya wata mai bincike, Sara Helms, ta duba alƙaluman Maryland a 2013, ta gano cewa dokar ta ƙara yawan masu aikin taimako a ƙananan azuzuwa, amma ta rage shi a ajin ƙarshe. Da alama yara sun cika awanninsu da wuri, sun sa an sa musu hannu, sun kakkaɓe riga.

A Najeriya sai mutum ya gama jami'a ko babbar difloma sannan hukuma ke neman hidimarsa, ta shirin bautar ƙasa da gwamnatin Yakubu Gowon ta kafa a 1973.

To, ya dace a ɗauko irin tsarin Maryland a dasa a Zurmi? Kafin amsa, sai an dubi halin da makarantun yankin ke ciki. A watan Mayun 2019 'yan bindiga sun shiga makarantar 'yan mata ta Moriki a ƙaramar hukumar Zurmi, suka tafi da wasu masu dafa abinci. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka sace 'yan mata 279 a Jangebe, gwamnati ta rufe makarantun kwana. A farkon Satumbar wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 70 a Ƙaya ta ƙaramar hukumar Maradun, aka rufe makarantun jihar baki ɗaya, aka kuma katse layukan waya. Ga bashin kuɗin jarrabawa da ya taru a kan gwamnati har aka riƙe sakamakon dubban yara na shekaru. Sai bayan zuwan Gwamna Dauda Lawal, wanda ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Nuwambar 2023, aka biya bashin da ya haura naira biliyan ɗaya ga kowace daga hukumomin biyu, WAEC da NECO, aka saki sakamakon. Ɗalibin da ya sha wannan jira, a ce masa kuma ga sabon sharaɗi, idan bai cika ba babu takarda, an zalunce shi sau biyu.

Kuma ai yaran nan ba zaune suke ba. Ƙasar Hausa ta san aikin gayya tun kafin boko: samari su taru su nome gonar dattijon da ƙarfinsa ya ƙare, su yashe magudanar ruwa kafin damina, su cike zaizayar maƙabarta. Ranar sallar idi ko wa'azi, da yawa daga cikin 'yan agajin da ke tsara sahu da kama hannun tsofaffi 'yan sakandare ne. Akwai 'yan Red Cross, akwai 'yan sikawut, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta wanzu tun 1954. A gidajen da suka sauki 'yan'uwa masu gudun hijira daga ƙauyuka, sau da yawa babbar yarinyar gidan ce ke zaunar da ƙananan baƙin ta koya musu baƙi da wasali bayan magariba. Duk wannan hidima ce ta gaske, kuma babu inda ake rubuta ta.

Gyaran da ya fi kusa ba ya buƙatar sabuwar doka daga Abuja. Kowace makaranta tana ba ɗalibi takardar shaidar hali idan ya gama, amma abin da aka saba gani a kanta kalma ɗaya ce ko biyu na yabo, iri ɗaya ga kowa. Za a iya mayar da ita takarda mai nauyi, a rubuta cewa wance ta koyar da yara 'yan gudun hijira karatu na zango biyu, wane ya jagoranci dashen itatuwa a harabar makaranta, malamin da ya sa ido ya sa hannu, mai unguwa ya tabbatar. Ma'aikatar ilimi a Gusau na iya umartar a ba irin wannan aiki wani kaso a makin da malamai ke tarawa a cikin zango. Hukumar ba da tallafin karatu ma na iya dubawa idan masu nema biyu suka yi kunnen doki.

Wuraren da ake buƙatar hannu ba su ɓoye ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin biyu a 2024, ta ce kusan ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Zaren da ake auna damtsen yaro da shi, mai launin kore da rawaya da ja, ana koya wa iyaye mata amfani da shi cikin ɗan lokaci. 'Yar aji biyar da ke karanta kimiyyar halittu za ta iya koya, ta kuma nuna wa matan unguwarsu, ta gaya musu lokacin da ya kamata a garzaya asibiti. Ba za ta maye gurbin ma'aikaciyar lafiya ba, amma tana shiga zaurukan da ma'aikaciyar ba ta da lokacin shiga.

Dole a shata iyaka, kuma a yankin nan iyakar ta rai ce. Kada a tura yaro bayan gari ko kan hanyar Shinkafi zuwa Ƙaura da sunan hidima. Kada aikin ya kusanci sintiri ko gadin dare. Kada ya zama hanyar da wani babba zai samu leburori kyauta a gonarsa. 'Yan mata kuwa, waɗanda iyaye da yawa ba za su bari su fita bayan an tashi makaranta ba, a ƙirga musu abin da suke yi a cikin gida da Islamiyya, in ba haka ba tsarin zai fifita maza tun daga ranar farko.

Shugaban makaranta a Ƙauran Namoda ko Zurmi zai iya farawa a zango mai zuwa da littafin rajista guda da malami ɗaya mai riƙon amana. Ita kuwa gwamnati, nata aikin shi ne makarantu su kasance a buɗe cikin tsaro, kuɗin WAEC da NECO su isa kafin a rufe rajista.