KYAUTAR IYAYE WAJEN SAYEN GIDA: ME ZAI FARU IDAN BASHI YA CI MAI KYAUTAR?

Babu burin da ya fi zama a zuciyar magidanci a garin Duwala kamar ya ga iyalinsa sun fita daga gidan haya. Tun daga 1914, lokacin da Jamusawa suka tashi mutanen Bell daga tudun Joss suka keɓe musu wurin da ake kira New Bell, maganar fili a wannan unguwa ba ta taɓa zama mai sauƙi ba. Kakanninmu fatake sun sauka a nan, suka yi unguwarsu da masallatansu, amma har yau gidaje da yawa ba su da takardar mallaka ta hukuma, wadda ake kira titre foncier. Saboda haka saurayin da ya sami aiki yakan nemi gida mai takarda, kuma sau da yawa mahaifinsa ko kawunsa ne ke ba shi kuɗin kafin alƙalami kyauta. Wannan taimako abin yabo ne. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: idan mai kyautar yana da bashi a wuyansa, daga baya arzikinsa ya karye, gidan yaron zai tsira?

Abin da malamanmu suka faɗa

Malaman mazhabar Malikiyya sun daɗe da warware wannan mas'ala. Wanda bashi ya kewaye dukiyarsa, wato abin da ake bin sa ya kai ko ya zarce abin da ya mallaka, ba shi da ikon yin kyauta ko sadaka ko waƙafi daga wannan dukiya, kuma masu bin sa suna da haƙƙin hana shi. Dalili a fili yake: abin da ke hannunsa haƙƙin wasu ne ya rataya a kansa. Duk wanda ya karanta Muhtasar na Shaihu Halil zai tarar da wannan a babin taflisi. Haka kuma Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ta koyar da cewa kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa. Idan uba ya yi wa ɗansa kyautar kuɗi da baki, bashi ya kewaye shi ko ya rasu kafin yaron ya karɓa, kyautar ta warware. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuwa akwai labarin wani mutumin Juhaina da bashi ya ci, Sayyidina Umar ya yi shela aka raba dukiyarsa tsakanin masu bin sa.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Dokar da kotunan Duwala ke aiki da ita ba ta yi nisa da wannan ba. Kamaru tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a ranar 17 ga Oktoba 1993. Dokarta kan ɗan kasuwar da ya kasa biyan bashi an yi ta a 1998, aka sabunta ta a 2015. Idan kotu ta buɗe shari'ar karyewar ɗan kasuwa, takan tsayar da ranar da ya daina iya biyan basussukansa, kuma tana iya mayar da ranar baya har wata 18 kafin hukunci. Duk kyautar da ya yi daga wannan rana zuwa ranar hukunci ba ta hana masu bin bashi komai, kamar ba a yi ta ba. Kyautar da ya yi cikin wata 6 kafin wannan lokaci ita ma kotu na iya yi mata haka, idan ta cutar da su.

Mu ɗauki misali. A ce wani Alhaji mai shagon atamfa a Kasuwar Kwango ya ba ɗansa sefa miliyan 5 a watan Maris 2024, yaron ya haɗa da rance ya sayi gida. Gobara ko faɗuwar ciniki ta durƙusar da Alhaji, kotu ta yi hukunci a watan Yuli 2025, ta ce tun Janairu 2024 ya daina iya biya. To, wakilin masu bin bashi da kotu ta naɗa, wanda ake kira syndic, yana iya neman yaron ya maido da miliyan 5 ɗin nan. In ba shi da su, idon masu bashi zai koma kan gidan.

Wanda ba ɗan kasuwa ba ne ma bai kuɓuta ba. Sashe na 1167 na Code civil ya ba mai bin bashi damar ƙalubalantar abin da wanda yake bi ya yi don ya zille masa. Idan abin kyauta ne, ba sai an tabbatar da cewa wanda aka ba ya san da maƙarƙashiyar ba; ya isa a nuna mai kyautar ya san yana cutar da masu bin sa.

Inshorar da ake yi a Ingila

'Ya'yanmu da ke zaune a Landan ko Manchesta sukan ci karo da wannan magana a teburin lauya. Dokar Ingila ta 1986 kan karyewar arziki ta ba kotu ikon warware kyautar da mutum ya yi cikin shekara 5 kafin a shigar da maganar karyewarsa. In kyautar ta faɗo cikin shekara 2 na ƙarshe, ba a bukatar a nuna cewa bashi ya riga ya fi ƙarfinsa lokacin da ya yi ta. Tsakanin shekara 2 da 5 kuwa, idan ɗa ne ko ɗan'uwa aka ba, doka na ɗauka cewa ya riga ya karye, sai an kawo hujjar akasin haka.

Saboda wannan ne bankunan can ke neman wasiƙa daga mai kyauta, ya bayyana cewa kyauta ce ba rance ba, kuma ba shi da rabo a gidan. Wasu kan ƙara da sharaɗin a sayi wata inshora ta musamman. Sau ɗaya ake biyan kuɗinta, ranar saye, kuma tana biyan asarar da za a yi idan kotu ta warware kyautar. Abubuwa biyu ya kamata a lura da su. Na farko, sau da yawa bankin da ya ba da rance take karewa, mai gida kuwa sai an rubuta sunansa a ciki. Na biyu, ba ta rufe asirin wanda ya san mai kyautar ya riga ya nutse ya ɓoye. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zartar a Jidda a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, ta halatta ta taimakon juna, wato takaful. Ƙungiyar CIMA, mai kula da inshora a Kamaru da maƙwabtanta masu amfani da Faransanci, ta fitar da ƙa'idar takaful a 2019. Wanda banki ya tilasta wa irin waccan inshora a ƙasar waje, ya kai takardun ga malamin da ya san hukuncin lalura kafin ya sa hannu.

Rigakafi ya fi magani

Ga mai sayen gida a Duwala, garkuwar farko ita ce gaskiya tsakanin uba da ɗa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin uba ya miƙa kuɗi, ya zauna ya lissafa abin da masu kaya da 'yan adashi da banki ke bin sa, ya tabbata abin da zai rage ya isa ya biya su. Yaro ba zai iya tambayar mahaifinsa wannan ba saboda kunya, don haka nauyin yana kan babba.

Na biyu, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. A bayyana ko kuɗin kyauta ne ko rance, da ranarsa da shaidu, kuma a bi da shi ta banki domin ranar karɓa ta tabbata. Sashe na 931 na Code civil ya ce takardar kyauta a gaban notaire ake yin ta, dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974 kuma ta ce cinikin gida mai takarda ba ya inganta sai ta hannunsa. Takardar hannu da aka rubuta a zaure ba ta tsaya wa kowa a kotu kamar wannan.

Na uku, a bincika a ofishin filaye ko akwai jingina a kan gidan, ko da wa za a nemi rance, Crédit Foncier du Cameroun da aka kafa a 1977 ko wani banki mai sashen mu'amala marar riba.

Na huɗu, uba ya daidaita tsakanin 'ya'yansa. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna Manzon Allah (SAW) ya ƙi shaidar kyautar da aka fifita ɗa ɗaya da ita. Gidaje da yawa rigimar magada ce ta tarwatsa su tun kafin mai bin bashi ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya sa gidajenmu su zama na halal tun daga tushe. Amin.