Sawun Garke a Cikin Waya: Burtalin Garou da GPS

Jama'a, kowa a Garou ya san abin da kaka take zuwa mana da shi. Da an fara yankan gero da dawa, shanu suka fara gangarowa fadamun kogin Kwara, sai maganar burtali ta tashi. Manomi ya ce garke ya shiga gonarsa, makiyayi ya ce gonar ce ta ci hanya. A je gaban maigari, kowa ya kawo shaidunsa, kowa ya rantse, alhali iska ta riga ta shafe sawun kofato.

Ba wai babu doka ba. Tun 1998 ƙungiyar CEDEAO ta tsara tafiyar garke tsakanin ƙasashe, Benin kuma ta samu dokar kiwo a 2019. To amma takarda ba ta faɗin inda saniya ta taka ran Talata da hantsi. Wannan aikin wayar da ke aljihun yaranmu za ta iya yin sa.

Ga yadda abin yake. Taurarin GPS suna shawagi a sama, nisan kusan kilomita 20,000. In wayar ta kama huɗu daga cikinsu, ta san inda take, ko da babu layin kira, babu intanet. Tun watan Mayu na 2000, da Amurka ta daina dagula saƙon da gangan, kuskuren ya dawo ƴan mitoci a fili. Manhaja irin OsmAnd tana rubuta wuri da lokaci a kai a kai, ta ajiye su cikin fayil da ake kira GPX.

A ce makiyayi ya tashi daga Garou, ya bi ta Guéné ya nufi Kandi. Kwanaki zai yi, kowace rana da fayil ɗinta. Sai an jera su bisa lokaci an haɗa su wuri guda za a ga tafiyar daga farko har ƙarshe. A buɗe ta a Google Earth a sake kunna ta, ɗigo yana tafiya kan hoton ƙasa: nan aka shayar, nan aka kwana, nan garke ya kauce don an shuka auduga a tsakiyar hanya. In garke goma suka kawo nasu aka ɗora ɗaya kan ɗaya, burtalin gaskiya zai fito da kansa.

Sai dai a wurin haɗin ne ake yin ɓarna, kuma nan muke so a natsu. Batir ya mutu da la'asar, ba a samu caji ba sai washegari. Manhaja ba ta san komai ba game da waɗannan sa'o'i, sai ta ja miƙaƙƙen layi daga inda ta tsaya zuwa inda ta farka. Layin nan yana iya ratsa gonar shinkafar da saniya ko ɗaya ba ta taka ba, a ci mutum tara a banza. A ganinmu kowace rana a bar ta yanki daban cikin fayil ɗin, giɓi ya zauna giɓi. Agogo ma a lura: GPX yana rubuta lokacin GMT, namu kuwa ya fi shi da awa ɗaya, kuma awa ɗaya ta isa ta raba "kafin magariba" da "bayan magariba" a bakin shaida.

Saura magana mai nauyi. Taswirar da ta nuna inda ka bi ta nuna inda kake kwana. A 2018 taswirar manhajar Strava ta tona wuraren sansanonin sojan Amurka, daga sawun sojojin da ke gudun motsa jiki. Mu da ke kusa da dajin W, ga ɓarayin shanu ga ƴan bindiga, bai kamata fayil irin wannan ya yi yawo a WhatsApp ba. A yanke wuraren kwana kafin a ba kowa, cikakken kuma ya tsaya hannun mai garke, sai ranar da maigari ko hukumar Malanville suka nema.