Tartsatsin da ke tafiyar da moto

Cikin injin moto akwai wani ƙarfe mai kama da ƙaramin gwangwani, ana ce masa fistan. Yana hawa yana sauka. In ya hau, sai ya matse iska da mai wuri guda. Daga nan buji ya ba da tartsatsi, mai ya kama wuta, ƙarfin wutar ya tura fistan ƙasa. Wannan turawa ce ke juya ƙafar moto.

Mai yana bukatar ɗan lokaci kafin ya ƙone duka. Saboda haka tartsatsi yakan zo kafin fistan ya kai can sama. A moto Peugeot 103, da aka fara ƙerawa a Faransa a 1971, yana zuwa in saura kamar milimita 1,5.

Kun san lugude? In wata ta saki taɓarya kafin lokacinta, taɓare su yi karo. Haka inji yake. In tartsatsi ya yi gaggawa, wuta ta tare fistan yana cikin hawa: inji ya yi ta ƙwanƙwasa, ya yi zafi, har fistan ya iya hujewa. In ya makara, moto ba ya da ƙarfi, ga shan mai a banza. Idan injin yana juyawa sau 3000 a minti, buji na ba da tartsatsi sau 50 a daƙiƙa guda. Kuskure kaɗan yakan zama babbar ɓarna.

A tsofaffin moto, wasu ƴan ƙarafa biyu ne ke tsaida lokacin. Sunansu filatin. Da zarar sun rabu, tartsatsi ya tashi. Da yake suna cinyewa, lokacin yakan goce. Sai bakanike ya gyara tazararsu, wajen milimita 0,4. Ya sa siririyar takarda tsakaninsu, ya juya inji a hankali. Inda takarda ta kuɓuce, nan suka fara rabuwa, nan zai auna ya daidaita. Sababbin moto ba su da filatin, na'urar lantarki ke wannan aiki.

Mu amsa tambayoyi:
1. Me ya sa tartsatsi ke zuwa kafin fistan ya kai sama?
2. Me ke faruwa in ya makara?
3. Tartsatsi nawa buji zai bayar cikin daƙiƙa 10?