Shirinmu na Yau: Kafin Ka Ɗau Hanyar Gida da Motarka

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda masu cewa data ba ta isarsu saurare.

Sallah ta matso, kuma da yawanmu da ke Abuja mun fara lissafin tafiya gida. To yau maganar mota za mu yi. Daga Abuja zuwa Kano sama da kilomita 400 ne: ka bi Zuba, ka wuce Jere, Kaduna, Zariya, Kwanar Ɗangora, sannan ka shiga gari. Motar da kullum iyakarta gida zuwa ofis, minti ashirin ka kashe ta, ba ta taɓa nuna maka halinta ba. Sai ta yi awa uku tana gudu a kan kwalta mai zafi ciwon da take ɓoyewa ke fitowa.

Ni ganau ne. Wata shekara na tashi da asuba, na zuba mai, na ce bismillah. Mun wuce Jaji kaɗan tayar baya ta yi bindiga. Na buɗe but, safaya na nan, amma ba iska a cikinta ko kaɗan. Awa biyu muka yi a rana da ƙannena mata. Wallahi laifina ne, ba na kowa ba.

Don haka mu fara da taya. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, a ƙarshensa akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019 ke nan. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta sha faɗakarwa cewa shekara huɗu ne wa'adin taya daga ranar da aka yi ta. Roba tsufa take yi ko ba a hau ta ba, shi ya sa tayar gwanjo za ka gan ta da zane raɗau, alhali ta bushe ta fara tsattsagewa. Na san sabuwar taya tsada gare ta a wannan yanayin, ban musa ba. Amma in ka ga ƙullutu a gefe ko waya ta fara leƙowa, kada ka hau babban titi da ita.

Sai maganar iska. Akwai masu rage iska kafin tafiya, wai don kada zafi ya fasa tayar. Kuskure ne fa. Tayar da ba ta cika ba ta fi lanƙwashewa tana juyawa, wannan lanƙwasar ce ke tara mata zafi har ta fashe. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin za ka ga 'yar takarda ɗauke da adadin iskar da motarka ke so. Shi za ka faɗa wa mai faci, kuma a auna da safe tun tayar na da sanyi. Har da safaya, don Allah. Ka kuma tabbatar jak da sifanar kwance taya suna ciki kuma suna aiki.

In ta faru taya ta fashe kana gudu, kada ka danna birki da ƙarfi. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, bar motar ta rage gudu da kanta, sannan ka gangara gefe.

Mu koma inji. Duba ruwan lagireto kafin ka tayar da mota. In a hanya ka ga allurar zafi ta haura, ka tsaya ka kashe ta. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto a lokacin, ruwan ciki a matse yake kuma ya wuce tafasa, fuska zai watso maka. Masu cewa bari in lallaɓa zuwa gari na gaba, su ke ƙona gasket, gyaran dubu kaɗan ya koma na dubu ɗaruruwa. A duba baƙin mai, in lokacin juye ya yi a yi. A duba man birki, fanbel, kan batir, fitilu, sigina da waifa.

Shawarata, ka kai wa bakanike motar saura mako guda, ba ana gobe tafiya ba. In ya taɓa wani abu, kana da kwanakin da za ka zaga da ita cikin gari ka ji ko gyaran ya zauna. Ana gobe Sallah gareji cike yake, aikin gaggawa za a yi maka.

Takardu kuwa kowa ya sani: lasin, inshora, takardun mota, duk su kasance ba su ƙare ba. Ka sa tukunyar kashe gobara da jan alamar nan mai kusurwa uku, ruwa a galan, fitilar hannu da cajar waya.

Saura kai direba. Wanda ya kwana yana latsa waya har ƙarfe biyu bai shirya tafiya ba, ko da motar sabuwa ce dal. Ka yi barci, ka tashi da wuri don ka isa da rana, duk mun san dalilin da ya sa ba a son dare a hanyoyinmu. Duk bayan awa biyu ka tsaya ka miƙe ƙafa. Iyakar gudun ƙaramar mota a tagwayen hanya kilomita 100 ne a awa, kuma kowa ya ɗaura bel, har na baya. 'Yar uwa, in ke ce a gaba kika ga yana gyangyaɗi, ki yi magana, ba rashin kunya ba ne.

Ku ajiye lambar 122 a wayoyinku, ita ce lambar gaggawa ta FRSC, kuma kyauta ake kira. Ku tura wa wanda kuka san zai ɗau hanya. Allah Ya kai mu gida lafiya, sai mun haɗu a shiri na gaba.