Malick Sidibé: mai hoton da ya riƙe sana'arsa bayan kasuwa ta juya masa baya

Tun da wayar salula ta shiga hannun kowa, matasa masu sha'awar ɗaukar hoto a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai ke fama da tambaya guda: a ci gaba da sana'ar da rai ke so, ko a koma inda kuɗi yake? Wani ɗan ƙasar Mali ya taɓa tsintar kansa a wannan hali, kuma zaɓin da ya yi ne ya sa duniya ta san sunansa.

An haifi Malick Sidibé a ƙauyen Soloba a tsakiyar shekarun 1930, a gidan makiyaya. Baiwar zane ce ta kai shi makarantar koyon sana'o'in hannu a Bamako. A 1955 wani Bafaranshe mai shagon hoto, Gérard Guillat, ya ɗauke shi aikin ƙawata shagonsa, daga nan ya zama yaronsa. A 1956 ya sayi kyamararsa ta farko, Brownie Flash, kafin daga baya ya buɗe nasa shagon, Studio Malick, a unguwar Bagadadji.

Bayan Mali ta samu ƴancin kai a 1960, samari da ƴanmatan Bamako suka rungumi kiɗa da rawa. Sidibé kan hau keke da dare, yana bin wuraren shagali ɗaya bayan ɗaya. Idan ya dawo ba ya kwanciya, sai ya wanke hotunan, ya manna samfurinsu a kwali domin masu su su zo su zaɓa su biya. Ranar Lahadi kuma yana bakin kogin Isa, wanda ya ratsa Yamai, yana ɗaukar matasa masu wanka da wasa.

Daga ƙarshen shekarun 1970 al'amura suka sauya. Hoto mai kala ya shigo, tare da injinan wanki masu sauri da araha, shagunan hoton baƙi da fari suka rasa masu zuwa. Sidibé bai rufe shago ba. Ya koma gyaran kyamarori domin ciyar da iyali, yana ɗaukar hoton wanda ya zo. Abu mafi muhimmanci, bai zubar da negatif ɗinsa ba, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa. Ya adana dubbai a akwatuna, da kwanan wata, a lokacin da babu mai taya su ko dala.

Waɗannan akwatuna ne suka zama dukiyarsa. A 1994 aka fara bikin baje kolin hotunan Afirka a Bamako, inda aikinsa ya ja hankalin baƙi. A 1995 gidauniyar Cartier ta baje hotunansa a birnin Paris. Ya karɓi kyautar Hasselblad ta ƙasar Suwidin a 2003, sannan a 2007 aka ba shi Zakin Zinariya a bikin fasaha na birnin Venis a Italiya, mai hoto na farko kuma ɗan Afirka na farko da ya samu wannan karramawa ta aikin tsawon rayuwa. Ya rasu a Bamako ranar 14 ga Afrilun 2016.

Sidibé bai raina kuɗi ba, domin da hoto ya ci ya sha. Sai dai da ciniki ya ja baya, ya nemi na cefane a cikin sana'ar, bai fita daga cikinta ba. Sai da ya kusa shekara 60 kafin duniya ta waiwaye shi, kuma ba kowa ke samun irin wannan rabo ba.

Ga mai ɗaukar hotunan biki, suna, hawan Sallah ko kokawar gargajiya a yau, tambayar ita ce ina hotunan ke zuwa bayan an biya shi. Wanda ke goge katin kyamara duk mako domin ya samu wurin sabon aiki, tarihin garinsu yake gogewa, da jarin da ka iya yi masa rana nan gaba.